Rukunin kaya a manhajar shago aikin mai shago ne, ba na wanda ya saka manhajar ba

Shaguna da yawa a Kano, Kaduna da Sakkwato sun ajiye littafin lissafi sun koma manhajar ƙididdige kaya, wasu a kwamfuta, wasu a wayar hannu. Sai dai akwai mataki guda da ake tsallakewa da gaggawa ranar da aka saka manhajar, wato tsara rukunin kaya. Yawanci yaron da ya zo saka manhajar ne yake rubuta rukunan a cikin minti goma, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wannan kuskure ne, domin duk rahoton da manhajar za ta riƙa bayarwa a kan waɗannan rukunan zai tsaya. In an tsara su a karkace, rahoton ma a karkace zai riƙa fitowa, kuma mai shago zai riƙa yanke shawarar sarin kaya a kansa.

Abin da rukuni yake yi

Rukuni ba ado ba ne a fuskar manhaja. A Loyverse, wadda ƙananan shaguna ke amfani da ita a waya, akwai rahoton ciniki na rukuni-rukuni, kuma kayan da ba a ba su rukuni ba sukan taru wuri guda ba tare da sun gaya wa kowa komai ba. A Odoo abin ya wuce haka. A kan rukuni ake zaɓar yadda za a lissafa kuɗin sarin kaya: ko tsayayyen farashi, ko matsakaicin farashi, ko kuma a fara cire wanda ya fara shigowa. A kan rukuni kuma ake iya cewa a fara fitar da kayan da wa'adinsu ya fi kusa ƙarewa. Ke nan wanda ya jefa madarar gwangwani da bokitin roba cikin rukuni ɗaya ya ɗora musu doka ɗaya, alhali madara tana lalacewa, bokiti kuwa ko ya shekara biyar a sito yana nan.

Akwai kuma batun haraji. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin 100, amma ba a ɗora shi a kan kayan abinci na yau da kullum da magunguna. Shagon da ya kai matsayin karɓar wannan haraji, in ya cakuɗa shinkafa da turare a rukuni guda, sai an bi kaya ɗai-ɗai kafin a gane wanne ake cajin haraji a kansa. In kuwa an raba su tun farko, duba ɗaya ya wadatar.

Tambayar da ta kamata a fara yi

Kafin a rubuta sunan rukuni ko guda, mai shago ya tambayi kansa: wace shawara zan yanke idan na ga jimillar wannan rukunin a ƙarshen wata? In babu amsa, rukunin ba shi da amfani.

A ɗauki mai shagon yadi a Kantin Kwari. In rukuninsa "Tufafi" ne kawai, rahoton zai ce masa ya sayar da tufafi, abin da ya riga ya sani. Amma in ya raba atamfa, shadda, leshi da yadin maza, zai ga wanne ne ke tafiya gab da sallah, wanne ne ke tafiya lokacin bukukuwan aure, wanne ne kuma ya danne masa jari wata uku bai motsa ba. Haka mai sayar da kayan waya a Farm Centre: caja, batiri, gilashin kariya da abin sauraro na kunne ribarsu ba ɗaya ba ce, yawan dawo da su ma ba ɗaya ba ne. Mai sari a kasuwar Singa kuwa ya fi buƙatar raba kayan da ke da wa'adi da waɗanda ba su da shi. Shaguna uku, tsari uku. Babu wani jerin rukunai da aka rubuta a Turai ko Indiya da zai dace da su duka.

Kurakurai uku da suka fi yawa

Na farko shi ne mayar da sunan kamfani rukuni. Peak ba rukuni ba ne, madara ce rukuni. In aka yi rukunin Peak da rukunin Cowbell, ba za a taɓa ganin jimillar cinikin madara a layi ɗaya ba. Sunan kamfani da sunan dila suna da nasu gurbin a yawancin manhajoji, a can ya kamata su zauna.

Na biyu shi ne mayar da ma'auni rukuni. Sau da yawa akan ga rukunin "Katan" da rukunin "Ɗai-ɗai", ko "Buhu" da "Mudu". Taliyar da ke cikin katan da wadda aka zare aka sayar guda-guda kaya ɗaya ne. In aka raba su gida biyu, manhajar za ta ce akwai katan goma a sito alhali an fasa uku, kuma ta nan ne kaya ke sulalewa ba a gane ba. Abin da ake buƙata shi ne a gaya wa manhajar guda nawa ke cikin katan, ko yadi nawa ke cikin turmi, ta riƙa ragewa da kanta. Launi da girma su ma siffofin kaya ne, ba rukuni ba.

Na uku shi ne rukunin "Sauransu". Da kaya biyar yake farawa, amma duk lokacin da yaron shago ya ji ƙyuyar tunani sai ya jefa sabon kaya a ciki. A ƙaddara shago ya yi cinikin naira miliyan 2 a wata, sai aka ga dubu 600 a ƙarƙashin "Sauransu". Kusan kashi ɗaya cikin uku na cinikin ke nan ba a san daga ina ya fito ba. In ba makawa sai an bar wannan rukunin, to a riƙa kwashe shi duk mako.

Masu cewa ba a buƙatar wannan wahala

Akwai masu ganin cewa tunda ana da lambar bakod da wurin bincike, rukuni ya zama tsohon yayi. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya: a wurin karɓar kuɗi, haska lamba ya fi bin rukuni sauri. Amma bakod tana faɗin wane kaya ne, ba ta faɗin ina kuɗin shago ya maƙale. Ban da haka, gero, wake, manja da yadin da ake yankawa ba su zuwa da lamba daga masana'anta.

Wasu kuma suna cewa a ɗauko tsarin duniya kawai. Ƙungiyar GS1, wadda ke kula da lambobin bakod, kuma ta ware wa Najeriya lambar farko 615, tana da tsarin rarraba kaya mai hawa huɗu da dubban rukunai. Wannan tsarin yana da amfani ga manyan kamfanoni masu musayar bayanai da juna. Ga shago mai ma'aikata uku kuwa, kaya ne da ya fi ƙarfin mai ɗauka. Rukuni goma zuwa ashirin, da hawa biyu in ya yi yawa, sun ishi galibin shaguna. Ma'aunin mai sauƙi ne: in sabon yaro ya ɗauki kaya ya rasa inda zai sa shi, ko ya ga wuri biyu da duk suka dace, tsarin ne ke da matsala, ba yaron ba.

Nauyin da ke kan maginan manhaja

Matasan da ke gina irin waɗannan manhajoji a gida su ma suna da nasu laifin. Wasu suna kafe jerin rukunai a cikin manhajar ta yadda mai shago ba zai iya ƙarawa ko gogewa ba. Wasu suna ɗaure kaya da sunan rukuni maimakon lambarsa a rumbun bayanai, sai ya zama gyara harafi ɗaya a suna ya wargaza rahoton shekara. Ya kamata kowane rasit ya adana rukunin da kaya yake ciki ranar da aka sayar da shi, don kada sauya rukuni yau ya canza lissafin bara. Ya kamata kuma wurin bincike ya gane cewa wanda ya rubuta "danwake" da wanda ya rubuta "ɗanwake" abu ɗaya suke nema, tunda ba kowace waya ce ke da haruffa masu lanƙwasa ba. Sannan ikon ƙirƙirar sabon rukuni ya tsaya a hannun mai shago ko manaja, in ba haka ba za a wayi gari da "Sabulu", "Sabulai" da "Sabulun wanka" a matsayin rukunai uku.

Yadda za a fara

Aikin bai buƙatar kwamfuta a ranar farko. Mai shago ya zauna da babban yaronsa da takarda da biro, su zagaya kantocin shagon, su rubuta rukunan da harshen da suke magana da shi a shagon. Sai su ɗauki kaya hamsin ba tare da zaɓe ba su gwada ko kowanne ya samu gida ɗaya tak. Bayan nan ne za a shigar da su a Excel a loda wa manhajar. In wata uku ya cika a sake dubawa: rukunin da ya kumbura a raba shi, wanda ba a taɓa duba rahotonsa ba a haɗe shi da maƙwabcinsa.

Wanda ya saka manhaja ya san inda ake latsawa, amma bai san wane kaya ne ke kawo riba a wannan layin kasuwar ba, kuma ba jarinsa ba ne a kan kanta. Yini ɗaya da mai shago zai ware wa wannan aikin ya fi masa sauƙi a kan shekara guda yana karanta rahoton da ba ya gaya masa gaskiyar shagonsa.