Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Daraktocin Sashen Kwamfuta Na Jami'o'inmu

Ina so in ja hankalinku ga kundin nan mai riƙe da sunayen ɗalibai da ma'aikata, wanda imel da shafin rajista suke tuntuɓa kafin su bar mutum ya shiga. Ko Active Directory gare ku ko OpenLDAP, kowane gurbi a cikinsa da irin bayanin da yake karɓa, kamar yadda ƙa'idar RFC 4517 ta 2006 ta zayyana. Yawanci ɗan kwangila ake bar wa wannan zaɓi, shi kuwa sauri yake yi.

Ku duba sunaye. Gurbin da aka ɗora kan IA5String haruffan ASCII kaɗai ya sani, babu ruwansa da ɓ, ɗ ko ƙ. In Ɗanladi mutumin Ƙanƙara ya zo rajista, ko na'ura ta ƙi shi, ko ma'aikaci ya gaji ya cire masa ƙugiya. Guraben suna na asali ba su da wannan matsala, don Directory String ne, mai ɗaukar UTF-8. Ɓarnar tana shigowa ta guraben da kuke ƙarawa da kanku, irin su garin haihuwa da ƙaramar hukuma. Kuma a wurin na'ura D daban, Ɗ daban, wanda ya nemi Danladi ba zai ga Ɗanladi ba. Ku ware gurbi na biyu marar ƙugiya saboda bincike, ku bar wa mutum sunansa yadda aka raɗa masa.

Lambar waya da NIN kuwa, kada wanda ya sa su a Integer. Wannan nau'in ba ya riƙe sifili a farko, ga shi lambobin wayarmu da sifili suke farawa. A Active Directory ma iyakarsa 2,147,483,647, alhali NIN alƙaluma 11 ce. Duk lambar da ba a lissafi da ita, a ajiye ta a matsayin rubutu.

Abin da ya sa na matsa: a Active Directory, gurbi in an ƙirƙire shi ba a canja nau'insa, ba a goge shi, sai dai a dakatar da shi a gina wani, a kwashe bayanan dubban mutane. Tun ran gini, ran zane.

Don Allah, kafin ku sa hannu a wata kwangila, ku nemi jadawalin kowane gurbi da nau'insa, ku gwada shi da suna mai ƙugiya da lamba mai sifili a gaba. In ya faɗi gwajin, kada ku biya.

Wassalam.