A gina Mile 3 a kan tebur tun kafin ta sauya kama

Duk wanda ya saba shiga ma'aikatun gwamnati a Abuja ya san irin akwatunan gilashin nan da ake girkewa a zauren shiga, masu ɗauke da ƙaramin samfurin rukunin gidaje ko tashar jirgi, da 'yan itatuwan roba da motoci kamar na wasan yara. Wasu daga cikinsu sun yi shekaru suna shan ƙura, ginin da suke wakilta kuwa bai wuce tubalin harsashi ba. Abin mamaki shi ne, ƙasar da ke biyan kuɗi a ƙera samfurin abin da ba a gina ba, ba ta damu da ƙera samfurin abin da ke tsaye yau, wanda gobara ko ambaliya ko katafila za su iya shafewa cikin dare ɗaya ba. Unguwannin Hausawa da ke Fatakwal da Onicha da Enugu suna sahun gaba a cikin irin waɗannan wurare.

Ƙera ƙaramin samfurin gari ko daji, da tudunsa da kwarinsa, abin sha'awa ne da mutane da yawa a Turai da Amurka ke kashe lokacin hutunsu a kansa. Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Yaron da ya tashi yana ɗinka motar kara, yana gina shanu da yumɓu, yana yanka gwangwani ya fitar da tirela, ya riga ya san rabin aikin. A 2022 wani yaro ɗan shekara 13 a Maiduguri ya gina kwatankwacin gadar sama ta birnin da laka, har Gwamna Babagana Zulum ya ɗauki nauyin karatunsa. Abin da ya rage shi ne awo. Idan aka ɗauki ma'aunin 1:500, kasuwa mai tsawon mita 300 za ta zauna a kan santimita 60, wato ƙasa da faɗin teburin ofis. Ana yanka kwali hawa-hawa bisa layukan tsayin ƙasa da ke jikin taswira, a manna su, a shafe da laka ko filasta, sannan a dasa rumfuna da ashana da tsinken tsintsiya. Garin katako da aka rina shi ne ciyawa. Kayan aikin duk ana samunsu a bayan kowace kasuwa.

Me ya sa sai waɗannan unguwanni? Saboda zamansu ya daɗe, amma shaidarsa a rubuce ba ta taka kara ta karya ba. An gano kwal a yankin Udi a 1909, layin dogo ya haɗa Enugu da Fatakwal a 1916, fatake da mahauta da dillalan shanu daga Arewa kuma suka bi sawun ciniki kamar yadda suka saba. Zaman ya yi nisan da Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka watsa wancan zama, bayan 1970 aka dawo aka sake ɗaura shi daga tushe. Yau a kewayen kasuwar Mile 3 da ke Diobu, a bakin titin Ikwerre, akwai 'yan kasuwar da aka haifa a can, waɗanda Kano da Katsina wurin zuwa Sallah ne kawai a gare su. Amma idan aka tambayi inda masallacin farko yake, ko inda ake sauke albasa shekara 40 da suka wuce, amsar tana bakin dattawa ne, su kuma kullum raguwa suke yi.

Ƙasar da suke kai ma ba ta zaune lafiya. Onicha na gaɓar Kogin Neja, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna wa mazauna Ogbaru da kewaye yadda ruwa ke zaɓar hanyarsa. Enugu na gindin tsaunuka, inda zaizayar ƙasa ke cin unguwanni. Diobu shimfiɗaɗɗiya ce, kewaye da fadamu, kuma a can ne aka rushe matsugunin Njemanze na bakin ruwa a 2009, dubban mutane suka rasa muhalli. A nan ne samfuri ya fi taswira. Tsohon da bai taɓa karanta taswira ba, da zarar ya ga unguwarsu a kan tebur zai ɗora yatsa ya nuna inda ruwa ke kwanciya, da kwatar da ta toshe, da lungun da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba. Jami'in hukumar NEMA da ya zo daga Abuja zai fahimci wannan cikin minti biyar, abin da rahoto mai shafi hamsin ba lalle ya koya masa ba.

Akwai masu cewa hotunan tauraron ɗan'adam sun wadatar. Rufin kwano kawai suke nunawa. Ba su san rumfar mai shayi daga ta mai ɗinki ba. Akwai kuma fargabar da ta fi wannan nauyi: al'ummar da ta sha ganin tashin hankali, shin hikima ce ta baje ƙofofinta da lungunanta ga idon kowa? Tambayar tana kan hanya. Faransa ma, da ta fara ƙera samfuran garuruwanta masu ganuwa a 1668 zamanin Sarki Louis na 14, a kan ma'aunin 1:600, ta daɗe tana ɗaukarsu sirrin soja. Yau kusan ɗari da suka rage suna Paris da Lille, masana tarihi na duba su don sanin kamannin garuruwan da yaƙi ya sauya. Mafita ita ce a bar hukunci a hannun masu unguwa. Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su ne za su ce ga abin da za a nuna, ga wanda zai tsaya a fada. Kuma samfurin da ya cire shagon Ibo ko gidan Ikwerre da ke jikin masallaci ya yi ƙarya, domin ba haka ake zaune ba.

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da gidan tarihi a Enugu, wanda ma sunansa na haɗin kan ƙasa ne, tana da wani a Fatakwal. A Jos ta adana kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya a cikin gidan tarihin gine-ginen gargajiya, don haka tunanin ba sabo ba ne a wurinta. Ɗan Kwango Bodys Isek Kingelez da kwali da takarda ya gina biranensa, har gidan zane na MoMA da ke New York ya baje kolinsu a 2018, shekara uku bayan rasuwarsa. Nasa birane ne na mafarki. Abin da ake nema a nan ya fi sauƙi.

Hadiman manya sun ƙware wajen gano yaro mai basira a Facebook, a kira shi ofis, a ɗauki hoto, a miƙa ambulan. Abin da bai cika biyo baya ba shi ne aiki. Matasa goma daga Mile 3, da malamin safiyo guda daga Jami'ar Jihar Ribas da ke maƙwabtaka da kasuwar, da taswira daga ofishin Babban Safiyon Tarayya, da hutun makaranta ɗaya, sun isa a fitar da samfurin farko. Kuɗinsa ba zai kai na kwana biyun taron bita a otal ɗin Maitama ba.