Hayaƙin birni ba ya ɓacewa, sauka yake yi

Duk wanda ya tsaya bisa gadar Kennedy a Yamai da magariba, cikin watan Disamba ko Janairu, zai ga wani abu fari-fari ya lulluɓe gidaje kamar mayafi. Jama'a sukan ce hazo ne, hunturu ya kawo shi. Gaskiya ne akwai ƙurar hamada a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai hayaƙin murhun itace, da na manyan motoci masu shan gazuwal, da na babura, da na juji da aka cinna wa wuta. Da safe sai mu ce ya watse. To, ina ya tafi?

Wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba, ba ta cinye abin da take ƙonawa duka. Cikin ragowar akwai wasu sinadarai, dangi ɗaya, sun fi ɗari, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da HAP a Faransanci. Marasa nauyi daga cikinsu, irin su naftalin, wato farin ƙwallon nan da ake sa wa cikin akwati don korar kyankyasai, suna yawo cikin iska kamar tururi. Masu nauyi kuwa suna manne wa ƙwayoyin kunkunniya, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Su ne numfashi ke kaiwa can ƙasan huhu.

Sharrinsu ba yau aka gano shi ba. A shekara ta 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura ciwon daji yana yawan kama mutanen da suka yi aikin share bututun hayaƙi tun suna yara. A 1933 masana a Ingila suka ware ɗaya daga cikin sinadaran nan, benzopiren, daga cikin kwalta. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum wannan ciwo.

Yanzu mu dawo ga tambayarmu. Da rana, zafi yana ɗaga iska sama, hayaƙi ya bazu, hasken rana kuma ya lalata wani sashe na sinadaran. Da faɗuwar rana lokacin ɗari al'amari yakan juya. Ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta kwanta, mai ɗumi ta rufe ta kamar faifai bisa ƙwarya, hayaƙi ya rasa hanyar tashi. Sanyin kuma yana ƙara sa sinadaran su bar halin tururi su manne wa kunkunniya da ƙura, inda rana ba ta saurin cin su. Manyan ƙwayoyi suna faɗowa cikin awoyi kaɗan, kusa da inda aka yi wutar. Ƙananan sukan yi kwanaki suna shawagi.

Hanyar saukarsu biyu ce: ko ruwan sama ya wanko su, ko su sauko a bushe. Mu kuwa a nan daga Oktoba har wajen Mayu da wuya a ga ɗigo, saboda haka a bushe suke sauka, dare da rana, a kan rufin ɗaki, da randar da ba a rufe ba, da ganyen salati na lambunan Gunti Yena. Sinadaran nan ba sa son ruwa, mai suke so. Ke nan kilishin da aka shanya bakin hanya, da ƙosai da tsire da ke jiran mai saye a tasha, ba ƙura kaɗai suke ɗauka ba. Abin da ya faɗa ƙasa yakan yi watanni, wani har shekaru. In ruwan farko ya zo, sai ya kwashe tarin rani duka ya bi kwalbati da shi, ya zuba a kogi, ya kwanta cikin laka inda kifi ke kiwo.

Don haka ni a ganina, ƙona shara da yamma cikin ɗari, al'adar da muka ɗauka tsabta ce, ita ce mafi muni, domin daidai lokacin ne iska ba ta da inda za ta kai hayaƙin sai ɗakin maƙwabci. Ba na ɗora wa matar gida laifi. Wadda ba a zo kwashe mata shara ba, me za ta yi da ita? Nauyin yana wuyan hukumomin gari, daga Yamai har Maraɗi, Tawa da Damagaram: a fara kwashewa, sannan a hana ƙonawa. Dokar 2014 da ta hana ledoji tana nan a rubuce, amma ga ledar nan tana ci da wuta a juji.

Maganar itacen girki ta fi wuya, don talaka ba zai kwana da yunwa ba. Tun 2011 matatar mai ta Damagaram ke fitar da gas, kuma duk gidan da ya koma gas ya rage wa unguwa hayaƙi. Amma akwai abin da ba ya buƙatar jira ko kuɗi mai yawa: masu babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya su daina. A nan sinadarin ba ya ma yawo cikin iska, daga wuta sai kan naman da za a dafa wa yara.