Shingen Da Ke Cikin Kwamfuta: Sauri Ko Tsaro?

Duk motar da ta taso daga Daura za ta Damagaram, tilas ta tsaya a Kongolam, bakin iyakar Nijeriya da Nijar, jami'an kwastam da na shige da fice su duba kaya da takardu. Direba yana ganin ɓata lokaci ne, amma babu ƙasar da za ta yarda ta bar ƙofarta a wangale. To, irin wannan shinge yana nan cikin kowace kwamfuta, har da wayar da ke aljihun direban.

Abin da ke gudanar da na'ura ana kiransa uwar manhaja, kamar Windows ko Android. A tsakiyarta akwai wani sashe da masana ke kira kanel, wato cibiya, kuma shi kaɗai ke da ikon taɓa ma'ajiya da faifai da hanyar intanet. Sauran manhajoji talakawa ne. In ɗayansu yana son buɗe fayil ko aika saƙo, sai ya dakata, ya miƙa buƙatarsa, ƙwaƙwalwar na'ura ta ƙetara zuwa ɓangaren cibiya, a duba ko yana da izini, a yi aikin, sa'an nan a komo. Wannan ƙetarawa ita ce kiran cibiya, kuma manhaja mai yawan aiki tana iya yin dubbai cikin daƙiƙa guda.

Saboda haka injiniyoyi suka daɗe suna neman rage tsawon tsayuwar. A 1997 kamfanonin Intel da AMD suka fito da ƙwaƙwalen na'ura masu umarni na musamman domin ƙetarawa cikin hanzari. Masu gina Linux, wadda cibiyarta ce ke cikin wayoyin Android, suka ƙara wata dabara mai kyau: tunda manhajoji suna yawan tambayar ƙarfe nawa, kuma lokaci ba sirri ba ne, sai aka ajiye agogon inda kowa zai karanta ba tare da ya ƙetara ba. Wannan riba ce da kusan ba ta ci komai ba.

Sai dai ba kowace dabara ce ta zo da arha haka ba. Shekaru da yawa ana barin taswirar ma'ajiyar cibiya a jikin taswirar kowace manhaja, an dai sa mata alamar hani, domin kada a riƙa sauya taswira a kowane kira. Ita kuma ƙwaƙwalwar na'ura ta zamani tana da garaje: takan fara aikin gaba kafin ta gama tabbatar da izini, in ta ga babu sai ta watsar da sakamakon. A watan Janairun 2018 masu bincike suka bayyana cewa aikin da aka watsar yana barin sawu, kuma manhaja mai mugun nufi tana iya bin sawun ta karanto sirrin cibiya, har da kalmomin sirri na jama'a. Aka sa wa wannan ɓaraka suna Meltdown, kuma ta fi shafar ƙwaƙwalen Intel. Maganin da aka shigar cikin Linux 4.15 shi ne raba taswirorin biyu, wato aka maido da jinkirin da aka yi shekaru ana gudu. Mai rubutu ko kallon hoto da wuya ya lura, amma manyan na'urori masu yawan kiran cibiya sun ji a jikinsu.

Wata hanyar ita ce rage yawan ƙetarawar, kamar ɗan kasuwar Mai'aduwa da zai haɗa kayansa a mota ɗaya maimakon ya yi sawu goma. A 2019 Jens Axboe ya kawo wa Linux tsarin io_uring, inda manhaja ke jera buƙatunta a wani layi da take tarayya da cibiya, a ɗebe su gaba ɗaya. Sauri ya samu ƙwarai. Amma sabon gini ne mai lunguna da yawa, kuma a 2023 kamfanin Google ya ce kashi 60 cikin ɗari na hanyoyin fasa cibiyar Linux da masu bincike suka kawo masa a shekarar da ta gabata ta nan suka bi. Ya kashe tsarin a ChromeOS, ya kuma taƙaita shi a Android.

Abin lura ga malamai shi ne, ba a auna sauri shi kaɗai. Sai an tambayi sau nawa aikin ke ƙetarawa, da kuma wane ne ke zaune a kan na'urar. Tun 2019 Linux ta ba da damar kashe kariyar irin su Meltdown da umarni guda, kuma akwai masu yaɗa wannan a matsayin hanyar farfaɗo da tsohuwar kwamfuta. Ga na'urar da ke lissafi ita kaɗai a rufaffen ɗaki, babu intanet, babu baƙo, ana iya kare wannan shawara. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta kuwa, inda ɗalibai da dama ke karɓa-karɓa, kowa da filashinsa, wasu suna shiga shafin JAMB da lambobinsu, kuskure ne babba. Aikin da ake yi a wurin, wato rubutu da karatu da gwajin jarrabawa, ba ya cikin waɗanda kariyar ke nauyaya wa sosai. In irin wannan kwamfuta tana jan ƙafa, a fara duba ƙarancin ma'ajiya da tsufan faifai da tarin manhajojin da ke tashi tare da ita.