Wa Ya Kai Ƙaura Bayan Zurmi?

Duk wanda ya rera abacada a firamare ya san yadda za a jera ƙananan hukumomi goma sha huɗu na Jihar Zamfara: Anka a gaba, Bakura na biye, Zurmi a ƙarshe, Ƙauran Namoda kuwa mazauninta tsakanin Gusau da Maradun. To, a rubuta sunayen nan bisa ƙa'idar Hausa, a miƙa wa umarnin jerawa na Python ko na JavaScript ba tare da wani ƙarin bayani ba. Sai a ga Ƙaura ta sulale can ƙurya, bayan Zurmi. Wa ya kai ta? Muna so mu amsa, domin masu laifin ba su da nisa da mu.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 ya ba A lamba 65, ya ba Z lamba 90, bai kuwa tanadi gurbin ko ɗaya daga haruffanmu masu ƙugiya ba. Da Unicode ya zo a 1991 aka ba su masauki, amma a ɗakin baya: Ɓ ta sami 385, Ɗ 394, Ƙ 408. Umarnin jerawa in ba a faɗa masa komai ba, lambobin nan yake gwadawa, ƙarama a gaba, babba a baya. Haka mazaɓun Bakura za su kasance. Ɗan Manau da ya kamata ya bi bayan Damri sai ya koma bayan Rini, 'Yar Kufoji kuma ta tsallake kowa ta hau kan layi, don alamar da ke gaban sunanta lambarta 39. In akawun ya buga lanƙwasasshiyar alamar, mai lamba 8217, sai garin ya faɗo ƙasan takarda. Gari ɗaya, mazauni biyu, gwargwadon yatsan mai bugu!

Za a ce mana wannan ƙaramin abu ne, ai duk wanda ke cikin jeri yana ciki, ko a sama ko a ƙasa. Mai faɗin haka bai taɓa bin layin taki ba. A ƙasarmu jeri ba ya kai wa ƙarshe: buhu yakan ƙare, kuɗi su ƙare, la'asar ta yi ma'aikaci ya naɗe takarda. A ɗauka manoma dubu sun yi rajista, buhu ɗari takwas ya iso, mai rubuta manhaja ya ce a jera bisa suna a yanke a kan ɗari takwas. Yanke rabo bisa harafi zalunci ne tun asali, mun sani, amma a nan ya sami ƙari: duk wani Ɗahiru da Ɗalhatu da Ɗayyabu da Ɗanjuma, waɗanda harafinsu ke kusa da farko, an tura su bayan Zubairu. Bana haka, baɗi haka, kuma babu wanda za su kama, don an ce na'ura ce ta fitar.

Wannan magana ta “na'ura ce ta fitar” ita muka fi ƙi. Manhaja rubutu ce, layi bisa layi, kuma mutum ne ya zaɓi wanda zai riga wani. A tace waɗanda suka cancanta sannan a yanke adadi, daban yake da a yanke adadi sannan a tace. Na biyun zai bar buhuna a sito alhali masu haƙƙi suna waje, ga shi layukan ba su canza ba, an dai sauya musu wuri. A cikin layi ɗaya ma akwai manya da ƙanana. Kamar yadda 2 + 3 × 4 ke ba da 14 ba 20 ba, don ninkawa ta riga tarawa, haka a SQL da Python kalmar AND take rigan OR. Wanda ya rubuta sharaɗi cewa manomin rani OR manomin damina AND ɗan Bakura, yana zaton ya keɓe Bakura, ya ruɗi kansa. Abin da ya umarta shi ne a kawo manoman damina na Bakura, a haɗa da manoman rani na ko'ina, har na Mafara da Maradun. Baka biyu kacal suka ɓace, rabon ƙaramar hukuma guda ya watse.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a koya musu illar sa abu gaba da abu. An kammala madatsar Bakalori a 1978, an share gonaki an yanka hanyoyin ruwa, aka bar maganar diyya tana ja da baya. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka zubar da jini a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. A wancan zamani akawu ne ke riƙe da rajista, ana ganinsa, ana iya tsare shi a tambaye shi. Yau rajistar tana cikin manhajar da manomi bai taɓa ganin rubutunta ba, kuma mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, 'ya'yan manoman nan, mu ne masu rubutawa da masu karɓa daga hannun 'yan kwangila.

Abin takaici, maganin yana nan a ajiye. Ƙungiyar Unicode tana da rumbun ƙa'idojin harsuna da ake kira CLDR, kuma a cikinsa akwai jerin Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t. A JavaScript, kiran Intl.Collator da alamar harshenmu, wato ha, ya wadatar, layi ɗaya ne. Ba kuɗi ake biya ba, ba izini ake nema ba. Amma me muke yi? Sai mu datse ƙugiyar don a zauna lafiya, mu rubuta Kaura da Dahiru, mu mai da baƙi baki, ƙasa ta zama kasa. Haruffan da aka sha wahalar tsayarwa a Zariya tun shekarun 1930, mu ne za mu yar da su don ƙyuyar rubuta layi ɗaya? Datsewar ma ba ta warkar da komai: akawu ɗaya ya sa ƙugiya, wani bai sa ba, sai mutum guda ya zama biyu a rajista, ko a neme shi a ce babu shi.

Wasu daga cikinmu za su ce ba haka aka koya musu ba, littattafan duk da misalan Turanci suka zo. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muke kira ga malamanmu na sashen kwamfuta, daga Kwalejin Kimiyya ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara har jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano, da su sa jerin sunayen Hausa cikin aikin gwaji na shekarar farko. Ɗalibin da manhajarsa ta kai Ƙaura bayan Zurmi a mayar masa ya gyara kafin a ba shi maki.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke ofisoshi, duk ranar da ɗan kwangila ya kawo manhajar rajista, kada ku sa hannu sai an gwada ta a gabanku da sunayen mazaɓun Bakura. Ku nemi a nuna muku layin da ke jerawa da layin da ke yankewa, ku tambayi wanne ya riga. Sharaɗin cancanta kuma a rubuta shi da Hausa a manna a ƙofar ofis, kusa da jerin sunayen, yadda Ɗahirun da bai ga sunansa ba zai san abin da zai tambaya.