Zanen Japan: hukuncin wanda bai kalla ba

Iyaye da malamai a garuruwanmu sun rabu gida biyu a kan zanen Japan mai motsi, wanda yara ke kira anime. Gida na farko ya ce shirme ne da lalata tarbiyya, a ƙwace salula, a goge duk abin da ke ciki. Na biyu ya leƙa ya ga zane ne, ya ce ai wasan yara ne, ya miƙa wa ɗan shekara tara wayar ya koma wajen shayinsa. Tambayi kowanne daga cikinsu sunan fim ɗaya da yaron ke kallo, shiru za ka ji. Dukansu sun yanke hukunci ba su ji shari'a ba.

Gida na biyu ya fi ba ni tsoro. A Japan zane ba alamar yarinta ba ne, hanya ce ta ba da labari, har da labarin da balagagge kaɗai ya kamata ya gani. Akira na 1988 da Ghost in the Shell na 1995, waɗanda aka ɗauko daga littattafan zane da ake kira manga, ba a yi su don ɗan firamare ba. Cyberpunk: Edgerunners na 2022, wanda ya samo asali daga wasan bidiyo, cike yake da jini da tsiraici da shaye-shaye. Mai tura finafinai a bakin kasuwa ba ruwansa da shekarun yaro, kuɗinsa yake karɓa ya cika waya.

Amma faɗana na yau da abokan aikina ne. Mu da muke koyar da kimiyya da alli da allo, a lakwal ɗin da yaro zai kai BEPC bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, mu ne muke korar abu guda da ya sa yaran nan tambayar yadda ake yin gilashi.

Dr. Stone nake nufi. Inagaki Riichiro ya rubuta, Boichi ya zana, manga ya fara fitowa a 2017, aka mayar da shi anime a 2019. Wani haske ya mayar da duk ɗan Adam dutse. Bayan shekara kusan 3,700 wani ɗan lise mai suna Senku ya farfaɗo, ba lantarki, ba ƙarfe, ba ko ashana, ya ɗaura niyyar sake gina ilimin duniya daga tushe. Ba ya da tsafi, ba ya da ƙarfin damtse. Abin da ya karanta ne kawai jarinsa. Ya haɗa sabulu. Da wata yarinya ta kwanta da ciwon huhu, sai labarin ya ɗauki kashi-kashi masu yawa yana bin hanyar haɗa maganin sulfa: sai an narka ƙarfe, sai an sami maganaɗisu da tagulla an tayar da lantarki, sai an hura gilashi, sai an ɗebo ruwan asid daga tafkin da iskarsa ke kisa. Gwaji ya lalace, a sake. Mutum ɗaya ba ya iyawa, sai da tsohon maƙerin ƙauye da ƙarfin matasa.

Wane darasi ne a littattafanmu ya taɓa nuna wa yaro cewa ƙwayar magani ɗaya tana tsaye ne bisa sana'o'i goma? Kuma ga ƙofa a buɗe ga malami: kakanninmu mata da toka da mai suke haɗa sabulu tun kafin a haifi mai zanen. Yaron da ya ga Senku ya yi, ya koma gida ya tambayi kakarsa, ya dawo aji aka rubuta masa abin da ya faru tsakanin toka da mai, wannan yaron ya ga shimi da idonsa, bai tsaya ga hadda ba.

Ban ce fim ɗin tsarkakakke ba ne. Ana haɗa albarushi da barasa a ciki, kuma yadda aka zana tufafin wasu mata bai yi mini ba. Masu shirin da kansu suna gargaɗin kada a kwaikwayi gwaje-gwajen. Wannan dalili ne na babba ya zauna kusa, ya zaɓi kashin da za a gani. Wanda bai kalla ba, ta ina zai san kashin da zai tsallake?

Akwai wanda ya shafe mu fiye da haka. A 1952, shekara bakwai bayan bam ɗin Hiroshima, Tezuka Osamu ya fara zana labarin wani yaro mutum-mutumi mai aiki da makamashin nukiliya, ya sa masa suna Atom. Shi ne Astro Boy, wanda ya hau talabijin a 1963. Ƙanwarsa sunanta Uran, wato uraniyom. Ƙasar da aka ƙona da wannan ƙarfe ta zaunar da ƴaƴanta tana tambayarsu ko ilimi zai zama bawa ko ubangida. Mu kuwa tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, amma yara nawa ne a ajinka, malam, za su iya faɗa maka abin da ake yi da shi bayan ya bar ƙasar?

Ga manyan ɗalibai ma akwai nasu. Planetes labarin masu kwashe shara ne a sararin samaniya a shekarar 2075, leburori masu ƙaramin albashi, kuma yana tambayar me ƙasashe matalauta suka samu daga wannan ci gaba. Legend of the Galactic Heroes, daga littattafan Tanaka Yoshiki, ya kwashe kashi 110 yana auna dimokuraɗiyyar da cin hanci ya cinye da mulkin soja mai kaifin aiki. Malamin falsafa na terminal ba ya buƙatar in faɗa masa ko tambayar baƙuwa ce a nan.

Masu cewa a hana gaba ɗaya su dubi Faransa. Goldorak ya shiga talabijin ɗinsu a 1978, manya suka yi ta kuka, har Ségolène Royal ta rubuta littafi a 1989 tana sukar irin waɗannan shirye-shirye. Yau Faransa na sahun gaba a masu sayen manga bayan Japan, kuma waɗancan yaran ne iyayen da ke saye. Su da tashoshi ƴan kaɗan suka yi kokawa. Mu da waya muke yi, wadda ke shiga ƙarƙashin bargo.

Ƙorafin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne na lokaci. Yaron da ya kai ƙarfe biyu na dare yana kallo, gyangyaɗi zai yi a aji, ko Dr. Stone ne ya kalla. A karɓe waya da dare, a hana kallo lokacin jarrabawa, ban da ja. Sai dai ku lura da abu ɗaya kafin ku karɓe: da yawansu da muryar Japananci suke kallo, fassarar Faransanci na gudu a ƙasan allo. Yaron da muka rubuta wa "ba ya karatu" a takardar sakamako yana karanta Faransanci na minti ashirin da ɗoriya ba ɗaga kai, da saurin da wasunmu ba za su iya bi ba.

Kashi ɗaya bai kai rabin awa ba, bai kai zaman shayi ɗaya ba. A taron iyaye da malamai na gaba, duk wanda zai miƙe ya nemi a hana, ko ya ce a ƙyale su, ina roƙon shugaban taro ya fara tambayarsa sunan fim ɗin da kashi nawa ya gani.