Wa ke tantance masu tsaronmu? Zare

1/ Jiya a majalisarmu ta shayi nan Wamakko wani ya ce wai shugaban ƙasa kaɗai ke naɗa hafsoshin tsaro da jakadu. Ba haka ba ne fa. Akwai hannun ƴan majalisa, kuma ɗan garinmu ma ya taɓa riƙe wuƙar.

2/ Doka ta ce sai Majalisar Tarayya ta amince da hafsoshin soja. Da can ba a ko bi. Sai a 2013 Festus Keyamo ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya, Mai Shari'a Adamu Bello ya ce naɗin da ba amincewar majalisa ya saɓa doka. Jakadu kuwa, sashe na 171 na tsarin mulki ya ce sai Majalisar Dattawa ta tabbatar.

3/ A Janairun 2021 Buhari ya naɗa Irabor, Attahiru, Gambo da Amao. Shugaban kwamitin tsaro na Dattawa a lokacin? Sanata Aliyu Magatakarda Wamakko. Da Attahiru ya rasu a hatsarin jirgi a Kaduna cikin Mayu (Allah ya jiƙansa), aka kawo Faruk Yahaya, ɗan Bodinga.

4/ Ga inda abin ke ci mini rai. Yawanci ana gama gaisuwa da karanta tarihin aiki, sai a sallami ƴan jarida a rufe ƙofa. Na yarda akwai sirrin yaƙi, ba wanda ya ce a faɗi inda za a kai hari. Amma "me za ka yi wa Tangaza da Gudu cikin wata shida?" ai ba sirri ba ne. In ba mu ji alƙawarin ba, da me za mu kama mutum gobe?

5/ Yanzu ku dubi na jakadu. A 2020 Dattawa da bakinsu suka nemi a sauke su Buratai, suka maimaita bayan yankan manoma a Zabarmari. Aka sauke su. Ko wata biyu ba a yi ba, kwamitin harkokin waje na Sanata Bulkachuwa ya tantance su, zaure ya amince su zama jakadu. Buratai ya tafi Jamhuriyar Benin. To wanne ne ra'ayin majalisar, na farko ko na biyu?

6/ Abin dariya: a 2017 an ƙi Sylvanus Nsofor, dattijo ɗan shekara 82, bayan ya ƙi rera taken ƙasa. Aka sake turo sunansa, ya wuce, aka kai shi Amurka.

7/ Kuma sunayen kan zo ba a faɗi ƙasar da za a tura mutum ba. A Amurka tare da ƙasar ake miƙa suna. Mu da Illela ke kallon Konni, ya kamata mu san wa za a tura Yamai, kuma a tambaye shi batun iyaka da kasuwa kafin a ce ya duƙa ya wuce.

8/ Ba na ce sanata ya ƙi kowa ba. Cewa nake a raba zaman biyu: na sirri, da na fili da za a haska kai tsaye. In sanatanku ya zo gida hutun Sallah, ku tambaye shi tambaya nawa ya yi a zaman tantancewa na ƙarshe, kuma wace amsa aka ba shi.